Ziyarar birnin Sebu na ƙasar Filifin: tambayoyin da aka fi yi da amsoshinsu

Tun da yaranmu suka fara zuwa Filifin karatun likitanci da aikin jinya, sunan Sebu ya shiga bakin mutane. Wasu iyaye na son kai wa 'ya'yansu ziyara, wasu kuma hotunan teku suka gani a waya, ransu ya biya. Tambayoyin da ake yi kusan iri ɗaya ne, shi ya sa na tattara su wuri guda, daga na shirin tafiya zuwa na zaman gari.

Ina ne Sebu, kuma wane irin gari ne?

Filifin ƙasa ce ta tsibirai fiye da 7,000 a kudu maso gabashin Asiya. Sebu sunan wani dogon tsibiri ne siriri a tsakiyar ƙasar, a yankin da ake kira Bisayas, kuma sunan babban birninsa ke nan. A tikiti da taswira za ka ga an rubuta Cebu, amma da "s" ake furta shi. Ƙidayar 2020 ta nuna mutanen birnin sun kusa miliyan ɗaya, in kuma aka haɗa da garuruwan da suka manne da shi, irin su Mandawe da Lapu-Lapu da Talisay, ana maganar wajen miliyan uku.

Birnin a matse yake tsakanin teku da duwatsu. Daga bakin ruwa, inda tsohon gari yake, tafiyar mota ta ƙasa da awa ɗaya za ta kai ka kan tsaunin Busay, inda ake hango garin baki ɗaya. Shi ne garin farko da Turawan Sifaniya suka kafa a ƙasar, a 1565, kafin Manila.

Sai na nemi biza?

In fasfon Najeriya gare ka, e. Bizar ziyara ake nema a ofishin jakadancin Filifin da ke Abuja, kuma kada a bar ta sai tafiya ta matso. Mai fasfon Sudan ma sai da biza. Nijar da Gana da Kamaru da Cadi suna cikin jerin ƙasashen da aka yarda mutanensu su shiga ba biza har kwana 30, amma irin wannan doka tana canzawa, don haka a tabbatar daga ofishin jakadanci kafin a yanki tikiti.

Kowa dai sai ya zo da fasfon da ya rage masa aƙalla wata shida, da tikitin komawa, da katin rigakafin cutar shawara. Akwai kuma rajistar eTravel da ake cikewa ta intanet cikin awa 72 kafin sauka. Kyauta ce. Duk shafin da ya nemi ka biya kuɗi a kanta, ba na gwamnati ba ne.

Ta ina ake bi, kuma tafiyar tana da nisa?

Babu jirgin da ke tashi kai tsaye daga yankinmu. Yawanci ana ya da zango a Doha ko Dubai, daga nan ko dai a wuce Sebu, ko a sauka Manila a shiga jirgin cikin gida, tafiyar awa ɗaya da rabi ko ƙasa da haka. In ka samu wanda zai kai ka Sebu ba tare da bi ta Manila ba, ɗauke shi ko da ya ɗan fi tsada, domin sauya tasha a filin jirgin Manila yana cin lokaci da ƙarfi. Da jira da komai, ka sa a ranka yini da kwana za ka yi a hanya.

Filin jirgin ba a cikin birnin yake ba, yana tsibirin Maktan, wanda gadoji uku suka haɗa da babban tsibiri. Agogonsu yana gaban na Najeriya da Nijar da awa bakwai, yana gaban na Gana da awa takwas. Kwana biyun farko barci zai riƙa zuwa maka a baibai.

Wane lokaci ya fi dacewa a je?

Daga Janairu zuwa Mayu ruwa ya fi ƙaranci, teku ta fi kwanciya. Janairu da Fabrairu sun fi sauƙin zafi, Afrilu da Mayu kuwa rana ba ta wasa. Sebu tana kusan layi ɗaya da Bauchi a taswirar duniya, amma zafinta ba irin namu ba ne. Babu hunturu, babu busasshiyar iska. Zafi ne mai gumi irin na Legas ko Fatakwal, wanda riga ke manne wa jiki tun da hantsi. Ka zo da kaya marasa nauyi, shadda mai sitaci a bar ta sai ranar Juma'a.

Daga Yuni zuwa Disamba damina ce, kuma ƙarshen shekara ne lokacin da mahaukaciyar guguwa ta fi bi ta tsakiyar ƙasar. Wadda suke kira Odette ta faɗa wa Sebu ranar 16 ga Disamba 2021, ta bar unguwanni makonni ba wuta ba ruwa. Ba wai a fasa zuwa da damina ba ne, sai dai a riƙa bin sanarwar hukumar yanayinsu, PAGASA, domin da zarar ta ɗaga alamar guguwa ana dakatar da jiragen ruwa. Ƙasar kuma tana yankin girgizar ƙasa: ta Oktoba 2013 ta rushe hasumiyar tsohuwar majami'ar garin, wadda aka sake ginawa daga baya. Mai son zuwa a Janairu ya karanta amsar da ke kan bikin Sinulog kafin ya tsayar da rana.

Da wane harshe zan yi magana?

Da Turanci za ka yi komai, daga filin jirgi har kasuwa, domin Amurka ta mulki ƙasar daga 1898 zuwa 1946 kuma da shi ake karatu. Amma harshen gida shi ne Sebuwano, wanda su da kansu suke kira Bisaya. Ba Tagalog na Manila ba ne, kuma mutanen Sebu suna alfahari da wannan bambanci. "Maayong buntag" shi ne ina kwana, "palihug" don Allah, "pila ni?" nawa ne wannan, "lami" kuma da daɗi. Godiya ita ce "salamat", kalmar da ta iso musu daga Larabci ta bakin Malayawa, tushenta ɗaya da salama da muke faɗa.

Wasu ɗabi'un za ka gane su nan take. Suna nuni da leɓe kamar yadda muke yi. In ka tarar da mutum yana cin abinci zai ce "mangaon ta", wato bismilla, kuma ba laifi ka ce ka ƙoshi ka yi godiya. Yaro yakan kama hannun dattijo ya ɗora a goshinsa don neman albarka. Wanda ya ɗaga maka gira bai yi maka raini ba, e yake nufi. Abin da ba sa ɗauka shi ne ɗaga murya a gaban jama'a. Mu mun saba ciniki da zafi, a can kuwa wanda ka yi wa tsawa zai yi murmushi kawai, amma ka gama samun taimakonsa.

A Maktan zan sauka ko a cikin gari?

Manyan otal-otal na bakin teku a Maktan suke, kuma mai neman hutu zalla da iyali zai ji daɗinsu. Sai dai na ga mutane da yawa sun yi mako guda a bayan katangar otal, sun koma gida ba su ga Sebu ba. Shawarata a raba kwanakin: uku ko huɗu a cikin gari, wajen unguwar Lahug ko kusa da babban kantin Ayala Center ko shataletalen Fuente Osmeña, sauran a bakin ruwa. Unguwar IT Park ba ta barci, saboda ma'aikatan da ke amsa wayar kamfanonin Amurka da dare suke aiki, don haka ko ƙarfe uku ka ji yunwa akwai wurin da ke buɗe.

Yaya ake zirga-zirga?

Mafi sauƙi ga baƙo shi ne Grab, manhajar kiran mota a waya, ko farar tasi mai mita. In direba ya ƙi kunna mita, sauka ka tari wata. Akwai acaɓa, sunansa habal-habal, kuma shi ne mai kai mutane kan duwatsu. Motar talaka kuwa ita ce jifni, doguwar mota mai fenti kala-kala da benci biyu suna kallon juna. Kowace tana da lamba da harafi da ke nuna hanyarta, kuɗin gajeriyar tafiya bai kai peso 20 ba. Kuɗin mota hannu da hannu ake miƙa shi har ya isa wurin direba, canji ma haka yake dawowa. In za ka sauka ka ce "lugar lang", ko ka ƙwanƙwasa ƙarfen rufi da tsaba.

Cunkoso ne babbar matsalar garin, musamman a gadojin Maktan da safe da yamma. Ranar komawa ka bar masauki da wuri sosai.

An ce abincin Sebu duk alade ne. Musulmi zai samu abin ci kuwa?

Zai samu, amma sai da lura, kuma gara a faɗi gaskiyar lamarin. Abin da Sebu ta fi shahara da shi a duk ƙasar shi ne lechon, wato alade sukutum da ake gasawa a kan gawayi. Wannan ba ya ɓuya, da ka gan shi ka san shi. Matsalar tana inda ba a gani. Ana yanka naman alade ƙanana a cikin taliyar pansit, da miyar wake, da ganye. Siomai da chorizo da humba da chicharon duk na alade ne. Tuslob buwa, wanda matasa za su yi ta kwaɗaita maka, da ƙwaƙwalwar alade ake yin sa. Wasu kayan fulawa, irin su torta ta garin Argaw, da kitsen alade ake kwaɓa su. A wuraren gashi irin su Larsian, kaza da alade a kan waya ɗaya suke.

Ka haddace kalma ɗaya: baboy, ita ce alade. "Dili ko mokaon og baboy" na nufin ba na cin alade. Amma kada ka tsaya nan, domin mai abinci zai iya ce maka babu, yana nufin babu tsoka, alhali da romon aka dafa ko da man aka soya. Ba yaudara yake yi ba, bai saba tunanin abin ta wannan fuska ba ne. Tambayi mai, tambayi romo, tambayi tukunya. Kaza ita ce manok, saniya baka, akuya kanding, kifi isda. Batun yankan Ahlul Kitabi kuwa, ka tambayi malaminka tun kana gida, don kada ka tsaya kana wasiwasi a gaban faranti.

Hanya mafi kwanciyar hankali ita ce kifi, sai gidajen abincin Musulmi. Akwai na Larabawa da Indiyawa da Turkawa a sababbin unguwanni, akwai kuma ƙananan rumfunan 'yan ƙabilar Maranaw kusa da masallatai, waɗanda suka fi araha kuma a ganina suka fi daɗi. Nemi pater, shinkafa da kaza ko kifi a naɗe cikin ganyen ayaba, da yajinsu palapa na albasa da citta da barkono.

To me ya kamata in ɗanɗana?

Fara da sutukil a Maktan. Sunan gutsattsarin kalmomi uku ne: sugba gashi, tuwa farfesu, kilaw kuma ɗanyen kifi da aka jiƙa. Kai za ka zaɓi kifinka a kan tebur, a auna, a raba shi uku, a yi maka kowane kashi da salonsa. Kashi na ukun shi ne kinilaw, kuma shi ne mutanenmu suka fi tsoro. Ana yanka sabon kifi ƙanana, a zuba ruwan tsamin kwakwa da lemun tsami da ɗanyar citta da albasa da barkono, tsamin ya dafa shi har ya yi fari. In kifin na safiyar ranar ne, babu ƙarni ko kaɗan. Ka ci shi a inda ake cinikinsa da yawa, ka daidaita farashin kilo kafin a sa wuƙa. Ga jatan lande, ga ƙaguwa, kuma mu da muka tashi a mazhabar Malikiyya ba mu da takura a kan abin da ya fito daga teku.

Shinkafarsu ta kan titi ita ce puso: ana saƙa ganyen kwakwa kamar laya, a ɗura shinkafa a dafa, a rataye. Ana tsaga ta a ci da hannu. Akwai utan bisaya, miyar ganye mai ruwa-ruwa da kabewa da kuɓewa, wadda jigonta shi ne kamunggay. Da ka leƙa kwanon za ka gane shi, zogale ne, kuma a bayan gidaje yake tsirowa kamar a Katsina. Yawanci da kifi ake yin ta, amma a tambaya. Da asuba kuma a kasuwa ana sayar da puto maya, shinkafa mai danƙo da aka turara da madarar kwakwa da citta, a haɗa da mangwaro da sikwate, wato koko mai kauri na asalin cakulan.

Mangwaron nan ya cancanci a tsaya a kansa. Ba shi da zare, ƙwallonsa falale ne, zaƙinsa kuma har da ɗan tsami a ƙarshe. Na san muna da namu, amma wannan daban ne. Da rana in zafi ya dame ka, nemi buko, ɗanyar kwakwa da ake sare wa kai a gabanka, ko halo-halo, ƙanƙara da madara da wake mai zaƙi da wata doya mai launin shunayya. Tuba kuwa bammin kwakwa ne, yana sa maye, kada sunan ya ruɗe ka.

Akwai masallatai? Ina ne alƙibla?

Akwai. Musulmi wajen kashi shida cikin ɗari ne na mutanen ƙasar, akasarinsu a kudu, a Mindanawo da Sulu, inda Musulunci ya isa tun wajen 1380, kafin Turawa. Na Sebu yawancinsu 'yan kasuwa ne Maranaw masu sayar da waya da lu'ulu'u da tufafi. Sanannen masallaci shi ne Al-Khairiah a unguwar Mambaling, akwai wasu kuma a Mandawe da Lapu-Lapu. Shafi'awa ne, za ka ji liman yana bayyana Bismilla. Ƙaramar Salla da Babbar Salla duka ranakun hutu ne a ƙasar.

Abu biyu ke rikita ɗan ƙasar Hausa. Na farko, alƙibla ba gabas take ba. Makka tana yamma da su, don haka za ka fuskanci faɗuwar rana ka ɗan karkata dama. Na biyu, lokutan salla suna shiga da wuri: alfijir tun wajen huɗu da rabi, rana tana gotawa kafin sha biyu, magariba kuma a yawancin shekara kafin ƙarfe shida. Ba za ka ji kiran salla daga ɗakin otal ba, sai ka dogara da waya. Ranar Juma'a ka isa masallaci kafin sha biyu, daga nan ne kuma za ka samu masu nuna maka rumfunan abincin da na ambata a sama.

Me ake gani a tsohon gari?

Duk a kusa da juna suke, safiya ɗaya ta isa in ka fito kafin rana ta yi zafi. A Afrilu 1521 Ferdinand Magellan, ɗan Fotugal da ke yi wa sarkin Sifaniya aiki, ya iso Sebu. Sarkin garin, Raja Humabon, ya karɓi Kiristanci tare da matarsa, aka kafa gicciye, aka ba matar ɗan mutum-mutumin da ke wakiltar Yesu yana yaro, wanda suke kira Santo Niño. Gicciyen yana cikin wata 'yar rumfa ta dutse a gaban ofishin magajin gari, mutum-mutumin kuma yana cikin majami'ar da ke gefe, wadda aka kafa a 1565. Wurin ibada ne mai rai, cike da masu addu'a da kyandir, ba gidan kallo ba. Ba a shiga da gajeren wando ko riga mara hannu. Kirista zai so ya halarci ibada a nan, Musulmi kuma zai iya tsayawa a farfajiya ya ga gini da jama'a cikin mutunci.

Gaba kaɗan akwai Fort San Pedro, ƙaramin sansanin soja mai kusurwa uku da aka gina da dutsen murjani. Sai titin Kolon, wanda ake ɗauka mafi tsufa a ƙasar, yau cike da shaguna da hayaniya. Wurin da na fi so shi ne unguwar Pariyan, tsohuwar unguwar 'yan kasuwa jikokin Sinawa, inda gidan Casa Gorordo da na Yap-Sandiego suke: ƙasa dutse, sama katako, tagogi manya don iska ta ratsa. Wanda ya san yadda magabatanmu suka yi wa zafi dabara da ginin ƙasa da azara zai daɗe yana kallon yadda su suka yi wa nasu zafin da girgizar ƙasa dabara.

Da gaske ne Lapulapu Musulmi ne?

Lapulapu shi ne shugaban Maktan da ya ƙi miƙa wuya. Ranar 27 ga Afrilu 1521 Magellan ya kai masa hari da mutum wajen 60, ruwa ya yi ƙasa, jiragen suka kasa matsowa, aka kashe Magellan a bakin gaɓa. Ragowar tawagar ce ta ƙarasa zagaya duniya, mutum 18 suka koma Sifaniya a 1522. Yau Lapulapu gwarzon ƙasa ne, mutum-mutuminsa na tsaye a Maktan kusa da rumfunan sutukil, kuma duk shekara ana kwaikwayon yaƙin a wurin.

Za ka ji wasu suna cewa Musulmi ne, har a cikin jawaban 'yan siyasa. Masana tarihi da yawa ba su yarda ba. Antonio Pigafetta, marubucin tawagar wanda ya ga yaƙin da idonsa, ya ambaci wani ɗan kasuwa Musulmi a fadar Humabon, amma mutanen yankin ya kwatanta su da masu zanen jiki da addinin gargajiya. Jaruntar mutumin ba ta buƙatar a ƙara mata abin da ba a tabbatar ba.

Mene ne Sinulog, kuma ya dace in je lokacinsa?

Shi ne babban bikin garin, ranar Lahadi ta uku a Janairu, don girmama Santo Niño. An fara shi a sigarsa ta yanzu a 1980. Ana yin kwana tara ana addu'o'i, ranar Asabar a yi jerin gwanon jiragen ruwa, ranar Lahadi kuma ƙungiyoyi daga garuruwa su fito rawa da ganguna da kaya masu ƙyalli, taku biyu gaba ɗaya baya, kamar tafiyar igiyar ruwa, ana kirarin "Pit Señor". Wajen cika da ado, ka ƙiyasta hawan Salla a ce duk lardi ya hallara.

Biki ne na addini a asalinsa, da dare kuma shaye-shaye yana yawa a wasu tituna. Otal yana tsada ya kuma cika tun watanni kafin lokacin, ana rufe hanyoyi, a wasu shekarun har layin waya an katse saboda tsaro. Mai son ganin al'ada a ganiyarta ya zo. Mai tafe da tsofaffi ko ƙananan yara ya jinkirta zuwa Fabrairu.

Ban iya ruwa ba. Akwai abin da zan yi a teku?

Da yawa. A Maktan ana hayar bangka, kwalekwale mai inji da fikafikan gora a gefe biyu, a yini ana zagaya ƙananan tsibirai irin su Hilutungan da Nalusuwan. Ana ba da rigar da ke hana nutsewa, ka sa ta tun kafin a tashi, ka kuma gaya wa mai jirgin ba ka iya ruwa ba. A Mowalbowal, tafiyar wajen awa uku kudu maso yamma, garken kifin sadin yana taruwa 'yan taku kaɗan daga gaɓa, dubbai a dunƙule suna juyawa kamar hadari. Da tabarau na ruwa da rigar kariya ko ɗan koyo zai gani. Kusa da nan akwai magangarar ruwa ta Kawasan.

Mata kada su damu da batun sutura. 'Yan ƙasar da kansu yawanci da riga da wando suke shiga ruwa, don haka doguwar rigar iyo da ɗankwali ba za su ja ido ba. Wanda ba ya son jiƙa ƙafa sam, ya shiga jirgin ruwa mai sauri zuwa tsibirin Bohol, awa biyu, ya ga tuddan nan fiye da 1,200 masu kama da juna da ake kira Chocolate Hills.

Ya batun iyo da katon kifin nan a Oslob?

Shi ne kifi mafi girma a duniya, suna kiransa tuki ko butanding, kuma ba ya cin mutum. Tun 2011 masunta a Oslob, wani gari a kudancin tsibirin Sebu, suke zuba masa ƙananan jatan lande kowace safiya don ya tsaya baƙi su yi hoto. Garin ya samu arziki da wannan, ba na musun haka. Amma dabba ce mai doguwar tafiya wadda ke cikin haɗarin ƙarewa, kuma masana sun daɗe suna kokawa cewa ciyarwar tana canza mata ɗabi'a, tana sa ta saba da gogar jirage. Ni ba na ba da shawarar zuwa. Za ka tashi ƙarfe uku na dare, ka yi layi, don rabin awa a ruwa cikin cincirindo. In ka nace, kada ka taɓa kifin, kada ka shafa man kariya daga rana kafin shiga. A Donsol, a wani lardin daban, ana ganinsa ba tare da ciyarwa ba.

Kuɗi da waya fa?

Kuɗinsu peso ne. A 2024 da 2025 dala ɗaya tana yawo tsakanin peso 55 da 60. Ba mai canza maka naira ko sefa, ka zo da dala sababbi marasa yagewa, ka canza kaɗan a filin jirgi, sauran a cikin gari. Kada ka dogara da katin banki ɗaya, kuma ka riƙe ƙananan kuɗi don jifni da kasuwa. Layin Globe ko Smart ana saye a filin jirgi, a yi rajista da fasfo. Wutarsu 220 ce kamar tamu, amma bakin soket ɗin mai siraran ƙafa biyu ne irin na Amurka, sai ka zo da mahaɗi.

Lafiya da tsaro fa? Yaya suke karɓar baƙar fata?

Sauron da za ka kiyaya shi ne mai kawo zazzaɓin dengi, kuma da rana yake cizo. In zazzaɓi ya kama ka, kada ka ɗauka maleriya ce ka sha maganin da ka saba, je asibiti a gwada jini. Garin yana da manyan asibitoci masu kyau, amma na kuɗi ne, don haka inshorar tafiya tana da amfani. Ruwan gora za ka sha. Kare ko kyanwa in sun cije ka ko sun yakushe ka, asibiti nan take.

Aljihu da waya a kula da su a Kolon da kasuwa da cikin jifni, musamman da dare. Dokar ƙwaya tana da tsanani ƙwarai, har ɗaurin rai da rai, saboda haka kada ka riƙe wa kowa saƙon da ba ka buɗe ba, maganinka kuma ya zo cikin kwalinsa da takardar likita. Kallo kam za ka sha shi, yara za su tambaye ka ko kana buga ƙwallon kwando, wasu su nemi hoto. Mafi yawa son sani ne. Za a iya samun mai maganar banza kan launin fata, kamar ko'ina, amma a Sebu an saba da ɗaliban Afirka.

Zan iya shiga da kilishi da yaji?

Kilishi da dambun nama a bar su a gida. Ba a shiga da nama ƙasar sai da izinin hukumar kula da lafiyar dabbobi, za a ƙwace a filin jirgi. Goro da ɗanyun 'ya'yan itace su ma suna ƙarƙashin dokar tsirrai. Garin yaji da kuka da busasshiyar kuɓewa a ƙulle su da kyau, a rubuta sunansu, a bayyana su in an tambaya. Iyaye masu kai wa ɗalibai ziyara su ne wannan ta fi shafa.

Wace tsaraba zan kawo, kuma a ina zan saya?

Su ma suna da kalmar tsaraba, pasalubong, kuma kamar mu, ba a dawowa daga tafiya hannu rabbana. Ta farko ita ce busasshen mangwaro, wanda Sebu ke fitarwa duniya. Ba ya lalacewa, ba shi da nauyi, kuma a manyan kantunan cikin gari ya fi araha a kan filin jirgi. Akwai biskit ɗin otap da rosquillos, amma a karanta bayan leda saboda abin da na faɗa kan kitse. Maktan ta shahara da sassaƙa jita da hannu, abin kiɗan nan mai tsirkiya, za ka iya shiga wurin masassaƙan ka ga yadda ake yi. Lu'ulu'u kuwa wurin 'yan'uwa Maranaw, kuma ana ciniki.

Kasuwar Karbon, wadda ta haura shekara ɗari, ta samo sunanta daga gawayin kwal da ake tarawa a wurin a da. Nan za ka samu kwanduna da tabarmi da jakunkunan saƙa, ka kuma ga garin yadda yake da asuba, lokacin da kayan lambu ke saukowa daga duwatsu. Busasshen kifin danggit kuwa a kasuwar Tabo'an yake, tsibi-tsibi. Ka je da rigar da za ka wanke a ranar, domin warin yana kama tufafi, ka kuma ce a like maka shi a ledar da aka zuƙe wa iska, ka sa a babban akwati, ba a jakar hannu ba.